Magaryar da Inna Ta Sa Aka Sare

Wata ranar Talata ina bakin aiki a ɓangaren masu ciwon fata na asibitin da nake aikin nas, aka kira wata budurwa ta shigo ɗakin likita sanye da niƙabi. Likita ta ce ta ɗaga. Ta daɗe tana murza bakin hijabinta kafin ta ɗaga, da ta ɗaga kuwa na ga dalili. Kumatunta sun yi jajur kamar an watsa musu ruwan zafi, fatar ta yi shara-shara har ana hango jijiyoyi a ƙarƙashi, wani baƙi ya kewaye idanunta, ƙuraje sun feso a goshi da haɓa. Irin wannan fuskar ba baƙuwarmu ba ce. Kafin a tambaya ma mun san aikin man bilicin ne.

"Me kike shafawa?" in ji likita.

"Wallahi ni ba na bilicin," yarinyar ta ce. "Na ganye ne, na gargajiya."

Ta zuge jaka ta fito da wata 'yar roba mai farin murfi ta miƙo mini, don ni ce kusa da ita. A jikin robar an manna takarda mai hoton bishiya, an rubuta a ƙasa: Haɗin Inna, Gyaɗi-Gyaɗi, ganye zalla. Na san bishiyar. Na san katangar da ke bayanta, har inda siminti ya ɓamɓare kusa da makwararar ruwa. Magaryar tsakar gidanmu ce, Innar da aka rubuta kuma ita ta haife ni. Na miƙa wa likita robar.

Inna ta fi shekara talatin tana haɗa wa matan unguwarmu ganye. Magarya ce uwa a haɗin nata, sai ɗan darbejiya daga bishiyar ƙofar gida in mace na da ƙuraje, sai lalle kaɗan, sai wasu ganyaye biyu da ake kawo mata daga ƙauye a ƙulle cikin tsumma, waɗanda har yau ban san sunansu ba. Da hantsi take tsinka, bayan raɓa ta bushe. Ba ta yarda ganyenta ya ga rana. A inuwa take shanya shi, kan tabarma a ɗakin zaure, kwana huɗu ko biyar tana juya shi da hannu. Sannan ta daka a wani ƙaramin turmi da ba a taɓa daka yaji a cikinsa ba, ta tankaɗe sau biyu da tsohon kallabi. Masu ƙurajen zafi suna zuwa, masu jego suna zuwa, amare kuwa ba a magana. A kwaɓa garin da ruwa ko ɗan zuma, a shafa, a bari ya sha iska, a wanke. Ba ta taɓa sayarwa ba. Wadda ta ga dama ta aiko da kwanon dambu, wadda ba ta ga dama ba ta yi godiya ta tafi. Duk wadda ta ba sai ta faɗa mata magana guda: "Wannan ba ya sa fari. Yadda Allah ya yi ki haka zai bar ki, sai dai fatar ta kwanta." In kuma ta ga ciwon ya fi ƙarfin ganye, nan take za ta ce a tafi asibiti.

Ni ce 'yar farinta, Inna kuwa irin matan da ne masu alkunya. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina yarinya "waccan" nake, da na fara aiki aka yi mini ƙarin girma na zama "mai asibiti". Ina zaune a gabanta za ta ce wa duk wanda ke kusa, "A faɗa wa waccan tuwo yana hucewa." A wurinta, uwa ta zaunar da 'yar fari tana koya mata abu a gaban mutane rashin ta ido ne. In na matso kusa da turmi sai ta aike ni ɗebo ruwa, ko da randa a cike take.

Wadda ta sami komai ita ce 'yar ɗakinta, wata yarinya 'yar maƙwabtanmu da uwarta ta rasu tana ƙarama, ta maƙale wa Inna. Na girme ta da shekara uku. Ita ke zama gefen turmi, ita ake nuna wa ganye ana faɗa mata sunansa, ita ake kama wa hannu a ce ga yadda ake murza gari a ji ko ya yi laushi. Inna kan kira sunanta sau goma a wuni. Ba zan yi ƙarya ba, abin ya ci mini rai tun ina ƙarama, da na shiga makarantar koyon aikin jinya kuma sai na rama da raini. Na taɓa cewa a gaban baƙi, ganye da ƙura ne kawai ake shafa wa mutane. Inna ta ji, ta ci gaba da tankaɗe.

Ranar Talatar nan na roƙi likita ta ba ni robar, na hau adaidaita sahu na wuce Gyaɗi-Gyaɗi da kayan aikina a jiki. Na tarar da Inna a gindin magaryar tana gyaran wake. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na dire mata robar a kan tabarma.

Ta buɗe, ta shinshina, ta lakato da ɗan yatsa ta murza a bayan hannunta. "Akwai magarya a ciki," ta ce, tana kallon hannun, ba ni ba. "Amma ba ita kaɗai ba ce."

"Man bilicin ne, Inna. Da wani maganin ciwon fata mai ƙarfi, irin wanda likita ke ba mutum ya shafa 'yan kwanaki ya daina. Shi ake matsawa a ciki, a barbaɗa garinki don ya yi kore. Yau na ga fuskar wadda ta shafa. Ga sunanki, ga bishiyarki."

Ta juya robar ta daɗe tana kallon hoton. Inna ba ta karanta boko, amma ta san katangarta.

"Yarinya ce," ta ce. "Zan yi mata magana."

Yarinyar nan a lokacin 'ya'yanta uku. Na kuma san irin maganar Inna, don haka ban jira ta ba. Washegari da na tashi aiki na nufi Tarauni, inda 'yar ɗakin nata ta buɗe shagon gyaran jiki. Na daɗe ban gan ta ba, don na daina zuwa gida ranar Juma'a, ranar da take zuwa. Da ƙyar na gane ta. Yarinyar da muka tashi da ita baƙa mai sheƙi ta koma wata ja-ja, gaɓoɓin yatsunta kawai suka ƙi bin ta, suka tsaya a baƙinsu na asali. Robobin suna jere a kanta tun daga ƙasa har sama, kowace da magaryarmu a jiki. Ta tarbe ni da fara'a, tana Yaya sannu da zuwa, Yaya ga kujera. Ban zauna ba. Na ɗaga labulen ɗakin ciki, na ga abin da na zo gani: wata babbar roba, muciya a tsaye a ciki, da buhu guda cike da matsattsun kwalayen mai da aka gama da su.

Na wanke ta tas. Ban tuna duk abin da na faɗa ba, na dai tuna masu shagunan kusa sun fito sun tsaya, har wani tela yana ba ni haƙuri. Ita kuwa ko a jikinta. Ta bari na gaji, sannan ta ce a hankali:

"Yaya, matan yanzu ba sa jira. Haɗin Inna sai an yi wata biyu ana shafawa, ƙarshe kuma a ce miki ba ya sa fari. Wa zai saya? Ni abin da suke so nake ba su."

"To ki cire sunanta."

"Innar kowa ce ai. Kuma ganyen nata ne, ba ƙarya na yi ba. Duk Juma'a ita ke cika mini leda da hannunta." Ta gyara ɗaurin kallabi. "Ni dai na san ba tun yau abin nan ke damunki ba. Ba laifina ba ne da ba a koya miki ba."

Wannan ta same ni inda ta nufa. Na fito ina huci, na tsaya bakin titi adaidaita uku suka wuce ban iya ɗaga hannu ba. Haushinta nake ji, haushin kaina nake ji da ta gano ni, ina kuma jin haushin matan da za su tsallake fatar da Allah ya ba su lafiya lau su je su sayi ƙuna a roba. Amma wanda ya fi cina haushin Inna ne, da ledarta ta ranar Juma'a.

Juma'ar da ta biyo na karɓi hutu na je gida takanas don in ji maganar da za a yi. 'Yar ɗakin ta zo da lemo da ayaba, ta durƙusa har ƙasa. Inna ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi maigida, ta tambayi kasuwa. Can ta gyara murya ta ce duniya ba wurin zama ba ce, a riƙa jin tsoron Allah a sana'a, fuskar mutum amana ce. Ba ta ambaci roba ba, ba ta ambaci mai ba, ba ta ce a cire sunanta ba. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana "To Inna, in sha Allahu Inna," har da share ido da bakin mayafi. Da ta tashi tafiya, ina kallo Inna ta shiga ɗakin zaure ta fito da leda cike da busasshen ganye ta miƙa mata.

Tana fita daga gidan na ce, "Inna, me kika ba ta?"

"A faɗa wa mai asibiti," in ji Inna, tana kallon turmi, don babu kowa a gidan sai mu, "ba a sallamar ɗa hannu biyu babu komai. Tun tana shekara shida take fita gidan nan da abu a hannu."

"Fuskokin mutane take ƙonawa da sunanki."

"Na yi mata magana."

Na ce ba ta yi ba. Na ce abu ɗaya nake so, ta buɗe baki a gidan biki ko gidan suna, inda mata suka taru, ta ce haɗin nan ba nata ba ne. Kalma shida ce. Inna ta dube ni kamar na ce ta fita titi ba mayafi. Ta tona wa yarinyar da ta raina asiri a bainar jama'a? Marainiya? Ta ce in bar maganar nan, ta tashi ta ɗauki buta.

Aka ci gaba a haka wata da watanni. Robar ta sake zuwa ɗakin likita, ta kuma sakewa, har na daina kallon takardar. Abokan aikina da suka san gidanmu suka koma yin shiru in na shigo. A unguwa ma magana ta fara yawo. A wani gidan suna Inna ta gai da wata mata da suka yi shekara ashirin suna zumunci, matar ta amsa a daƙile ta juya baya. Inna ta dawo gida ta ninke mayafinta ta ce wataƙila ba ta da lafiya ne. Masu zuwa karɓar gari suka ragu, har tabarmar ɗakin zaure ta koma ta mutum ɗaya, mai zuwa ranar Juma'a.

Wata Asabar da la'asar ina gidan, wata mata daga Ƙauyen Alu ta yi sallama, 'yarta na biye da ita a lulluɓe. Na gane matar. Inna ce ta gyara ta lokacin aurenta, ina 'yar firamare, na tuna ta zaune a kan kujerar tsakar gida fuska duk kore tana dariya. Yanzu 'yarta ce za a kai ɗaki, saura kwana goma. Matar ba ta zauna ba, ba ta karɓi ruwa ba. Ta yaye wa yarinyar mayafi.

"Inna, dubi," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. "Ni ban san wata mai shago ba. Sunanki na gani na saya. Na ce mata wannan hannun ne ya gyara ni."

Inna ta tashi da ƙyar ta matsa kusa. Ta sa bayan yatsunta ta taɓa kuncin yarinyar, yarinyar ta zabura don zafi. Fatar ta tsattsage a gefen hanci, tana ɗan tsatsafo da ruwa. Na jira Inna ta faɗi kalma shida ɗin nan. Ga wadda ta cancanci ta ji su, ga shi a cikin gida ne, ba gidan biki ba. Ta buɗe baki ta ce, "Ki yi haƙuri. Ki yafe mini." Ta ɗauki laifin ta ɗora wa kanta, ina tsaye ina kallo.

Ni na faɗa. Na faɗi shagon, na faɗi buhun kwalayen, na ce wa matar ta kawo yarinyar asibiti ranar Litinin da sassafe, kada a shafa mata komai, ko ganye. Matar ta saurare ni, sannan ta juya ga Inna ta ce, "Amma ganyen naki ne?" Inna ta ce nata ne. Suka fita ba sallama.

Ranar Lahadi na tafi gidana raina a ɓace, na yi rantsuwa a zuci ba zan sake sa baki ba. Ranar Laraba maƙwabciyarmu ta kira ni a waya ta ce in zo in ga abin da Inna ke yi. Tun daga bakin layi na ji ƙarar gatari. Na shiga na tarar da masu saran itace biyu, rassan magarya zube a tsakar gida, rana ta sauko ƙwal a inda ban taɓa ganin ta ba. Kakata ce ta dasa bishiyar nan. A gindinta aka yi sunana, a gindinta aka ajiye makarar Baba. Inna na zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana jan carbi, tana gaya musu su bi a hankali kada su fasa randa.

Abin ya zo mini gaba ɗaya. Na ce mata bishiyar ba ta yi wa kowa komai ba. Na ce ganyen magarya ana sayar da shi a kowace kasuwa, wadda ta yi ɓarnar gobe za ta je ta auno, hoton kuma yana cikin wayarta. Na ce an sare bishiyar shekara hamsin don kawai kada a ce wa mutum ɗaya a'a. Ina faɗa ina kuka, don haushi, ba don tausayi ba. Masu saran suka dakata suna kallon ƙasa. Inna ta ce musu su ci gaba.

Ranar Juma'a 'yar ɗakin ta zo da ledarta a ninke cikin jaka. Ta tsaya tana kallon kututturen. Inna ta ce mata, "Ai ta tsufa, tana zubar da ƙaya, shi ne na sa aka rage ta." Aka gaisa, aka tambayi yara. Da za ta tafi Inna ta ba ta kuka da daddawa, don kada ta fita hannu biyu babu komai. Wannan ita ce a'ar Inna, iyakar wadda ta iya. Kamar yadda na faɗa kuwa, ko mako ba a yi ba aka ga mai shagon a kasuwa tana auno ganye.

Bayan ta fita ina tattara jakata zan tafi, Inna ta shiga ɗakin zaure ta fito da wani ƙulli a farin ƙyalle, bai fi dunƙulen hannu ba. Ta tsaya a gabana. Ba ta nemi turmi ko bango ta yi wa magana ba, ni ta duba.

"Ke," ta ce. "Zauna."

Na zauna. Ta kwance ƙullin. Garin magarya ne zalla, na ganyen ƙarshe da ta tsinka kafin masu gatari su zo, ta shanya a inuwa, ta daka, ta tankaɗe sau biyu. Ta ɗebo ruwa a ƙwarya, ta zuba garin ɗan kaɗan, ta kama hannuna ta sa a ciki ta nuna mini yadda ake kaɗawa da yatsu har ya yi kumfa. Ta ce kada ruwan ya yi zafi, kada ya yi sanyi. Ta ce kumfar ake fara ɗiba don kai da fuska, sauran a bi jiki da shi, dama kafin hagu. Ina jin yatsunta a kan nawa, busassu, masu ƙarfi. Shekara talatin ina jiran ta kama hannuna a kan ganye.

"Wannan na wankana ne," ta ce, ta ɗaure ƙullin ta sa mini a jaka. "Ke za ki haɗa ruwan. Kada ki ba kowa."

Shekara biyu bayan nan na haɗa. Bai yi zafi ba, bai yi sanyi ba, ya kuma yi kumfa yadda ta nuna mini. 'Yar ɗakin tana tsakar gida tana kuka fiye da kowa, ta nemi a bar ta ta shiga ta taya, na ce mata a'a a gaban matan unguwa duka, da ƙarfi yadda na bayan ma za su ji. Sunayen ganyayen nan biyu na ƙauye ita kaɗai ta san su yanzu, ban tambaye ta ba, ba kuma zan tambaya ba.

Hanyata ta zuwa aiki ta gaban shagonta take bi. Robobin suna nan a jere da magaryarmu a jiki, sai dai ta sake takardar. A ƙarƙashin Haɗin Inna ta ƙara layi guda, ta rubuta Allah ya jiƙanta.